Ya rubuta musu "regret", su kuma suka ce bai nuna "remorse" ba

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Turanci ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ƙanena ne, wanda yake bi na, yana aji biyu a wata kwaleji. Rigima ta haɗa shi da wani ɗalibi a layin ɗibar ruwa a famfon ɗakin kwanansu, wai yaron ya ture masa bokiti ya sa nasa. Magana ta yi zafi, ƙanena ya hankaɗa shi, yaron ya faɗa kan dakalin siminti, hannunsa na dama ya karye. Kwamitin ladabtarwa ya zauna, aka dakatar da ƙanena zangon karatu ɗaya. A takardar da suka ba shi akwai layi ɗaya da ya fi dakatarwar yi masa ciwo: "The student showed no remorse." Shi kuwa tun kafin zaman ya rubuta musu takarda, na ga kwafinta da idona, ga abin da ya ce: "I regret the unfortunate incident that happened at the tap." Mun duba ƙamus a waya, regret nadama, remorse ma nadama. To a ina aka samu matsala? An ba shi mako biyu ya nemi a sake duba hukuncin, ga kwana huɗu sun tafi.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Husna, Allah ya ba yaron da ya karye lafiya. Ƙamus bai yi muku ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba.

Regret kalma ce mai faɗi. Mutum yana amfani da ita a kan abin da ba shi ya aikata ba, da abin da ba laifi ba ne sam. Ma'aikatar da ba ta ɗauke ka aiki ba za ta rubuto maka "we regret to inform you", kuma babu wanda ya kasa barci a can saboda kai. Wanda ya sayar da filinsa da arha, bayan shekara biyu aka yi titi ta wajen, shi ma regret yake yi. Bai cuci kowa ba, asara ce kawai ta dame shi.

Remorse kuwa ba ta tsayuwa sai da abu biyu: ni na aikata, kuma wani ya cutu da abin da na aikata. In babu ɗaya daga ciki, kalmar ba ta shiga.

Yanzu ki sake karanta jimlar ƙanenki a hankali. Ina shi a ciki? Bai ce ya ture kowa ba. Ina yaron? Babu shi, babu hannunsa. "Incident that happened" ya ce, wato abu ne ya faru, kamar yadda ruwan sama yake sauka ba da hannun kowa ba. Ya kuma ƙara da "unfortunate", wato rashin sa'a. Wanda ya saba karanta Turancin ofis, da ya ga wannan jimla abin da zai ji shi ne: yaron nan bai ji daɗin shiga matsala ba. Ba zai ji cewa hannun ɗan mutane ya dame shi ba.

Maman Husna: Innalillahi. Malam, wallahi ba haka yake nufi ba. Tun da abin ya faru ko abincin kirki ba ya ci. Jiya na kai masa tuwo zaure, da safe na tarar da kwanon a rufe yadda na ajiye. A intanet ya ga irin jimlar, ya ɗauka ita ce Turanci mai nauyi da ya dace da manya.

Malamin Turanci: Na yarda da ke. Irin jimlar nan cike take a intanet, domin kamfanoni da hukumomi ne suke rubuta ta, kuma da gangan suke gina ta yadda ba za ta ɗora musu laifi ba. Yaro ya ari rigar da aka ɗinka don ɓoye jiki, shi kuwa so yake a gan shi.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Mu nan Nijar da muka yi karatu da Faransanci kalmomin biyu duk muna da su, regret da remords, kuma bambancin ɗaya ne da wanda Malam ya faɗa. Na ji an ce Turawan Ingila daga Faransanci suka ɗauke su. Haka ne, Malam?

Malamin Turanci: Haka ne, ɗan'uwa. Remorse ta shiga Turanci a ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, shi kuma daga Latin, daga aikatau remordere. "Re" sakewa, "mordere" cizo. Wato cizon da yake dawowa. Ka yi abu ya wuce, ka kwanta, abin ya dawo ya cije ka, gobe ya sake. Kalmar morsel, wato loma, daga tushe ɗaya suka fito. Abin da yake burge ni shi ne, a 1340 wani malamin coci a Kantabure, a Ingila, ya fassara wani littafin wa'azi daga Faransanci zuwa Turancin yankinsu na Kent, ya sa masa suna Ayenbite of Inwyt. Ayen sakewa, bite cizo, inwyt sanin da ke cikin mutum. Ya yi ƙoƙarin faɗin ma'anar ne da kalmomin gida, amma ta aron ce ta zauna a bakin mutane.

Wajen furuci, a gaɓa ta biyu ake dannawa: ri-MOS. Mutanen Ingila ba sa fito da r ta tsakiya, Amurkawa suna fito da ita.

Baban Khalifa: To ai magana ta ƙare. Cizon yatsa ke nan. Mu ma muna da tamu tun kaka da kakanni, har da cizon a ciki. Ban ga dalilin da za a riƙa nuna kamar Turanci ya fi Hausa zurfi ba.

Tsohon Tafinta: Baban Khalifa, babu wanda ya ce Turanci ya fi zurfi, amma a kan cizon yatsa ban bi ka ba. Shekaru na yi ina fassara labarai, kuma irin wannan kamannin shi ne ramin da ya fi kama mu. Ka saurari yadda Bahaushe yake amfani da ita. "Ka sayi masara yanzu kafin ka yi cizon yatsa." "Ta ƙi shi yana talaka, yanzu tana cizon yatsa." Duk a kan damar da ta kuɓuce ne, ko asarar da mutum ya jawo wa kansa. Ba ka taɓa jin an ce wanda ya mari mahaifiyarsa yana kuka da dare saboda cizon yatsa ba. Kalmar ta yi masa kaɗan. Sannan ka lura da wanda yake cizon. A tamu, kai ne kake cizon yatsarka don takaici. A tasu, kai ake cizo, daga ciki, ba da izininka ba.

In za a tilasta min, zan ajiye cizon yatsa da da-na-sani a ɓangaren regret. Shi ya sa ake cewa da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Magana ce a kan makara, ba a kan haƙƙin wani ba.

Baban Khalifa: Na ji, Baba. To nadama fa? Ka ba regret da-na-sani, ka bar wa remorse nadama, shi ke nan an raba gardama.

Tsohon Tafinta: Da haka ne da mun huta. Amma kai da kanka kana cewa "na yi nadamar sayen wayar nan", kuma Hausa ce daidai. Kana kuma cewa "ya yi nadamar kisan da ya yi", ita ma daidai ce. Nadama ta rungume su duka biyun. Shi ya sa ƙamus ya ba Maman Husna amsa ɗaya. Mu a Hausa abin da ke kewaye da kalmar ne yake nuna wace iri ce. In muna nufin mai nauyin sai mu ƙara: abin yana cin sa a rai, zuciyarsa ta hana shi sakat, haƙƙin yaron ya hana shi barci. Ka ga ma "ci" muka ce, su suka ce "cizo". In ana neman 'yar'uwar remorse a Hausa, a wajen "yana cin sa a rai" zan neme ta.

Almajirin Malam: Allah ya saka wa Baba da alheri. Ina so in ƙara wani abu, domin nadama daga Larabci muka same ta, kuma can ma haka take da faɗi. A Suratul Ma'ida aya ta 31, ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa, bayan hankaka ya nuna masa yadda ake tona ƙasa, Allah ya ce ya wayi gari cikin masu nadama. Malaman tafsiri da dama sun ce ba nadamar tuba ba ce, nadamar wahalar da ya sha da gawar ce da kasawarsa. Haka Samudawa a Suratush Shu'ara'i aya ta 157, sun soke taguwa, suka wayi gari suna masu nadama, azaba kuma ta kama su duk da haka. A gefe guda ga hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Ahmad da Ibn Majah suka ruwaito, cewa nadama tuba ce. Kalma ɗaya, amma wata nadamar ta tsoron abin da zai same ka ce, wata ta ganin munin abin da ka yi.

Cizon ma yana nan. Suratul Furƙan aya ta 27 ta ambaci ranar da azzalumi zai ciji hannayensa yana cewa ina ma ya bi hanya tare da Manzo. Ka ga wannan ya ƙarfafa maganar Baba, don cizon wanda lokaci ya ƙure wa ne. Abin da Malam ya bayyana kuwa, mai dawowa daga ciki, ni ya fi yi min kama da nafsul lawwama ta Suratul Ƙiyama, rai mai yawan zargin kansa.

'Yar Jos: Sannunku da muhawara. Ni Kirista ce, kuma wannan bambancin a coci muka fara jin sa tun muna yara. A Linjilar Matiyu sura 27, Yahuza, almajirin Yesu da ya ci amanarsa, da ya ga an yanke wa Yesu hukunci, ya mayar da azurfa talatin ɗin da aka biya shi, ya ce ya yi zunubi, ya ba da marar laifi. Tsohuwar fassarar Turanci ta 1611 ta ce "repented himself", amma fassarar Turanci ta zamani da ake kira NIV ta ce "seized with remorse", domin kalmar Girkanci da ke wurin ba ita ce wadda aka saba amfani da ita wajen tuba ba. Abin ya ci shi ƙwarai, amma bai kai shi ga neman gafara ba, ya je ya rataye kansa. Bitrus ma, wani almajirin Yesu, ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi, shi kuwa ya dawo. A Hausar coci muna cewa lamirinsa ya kayar da shi, lamiri shi ne wannan sanin na ciki da Malam ya ambata.

Abin da ya sa na kawo wannan, Anti Maman Husna, maganar kwanon tuwon nan ce. Yaron da abu yake ci a rai, ya kuma kulle kansa, kada a bar shi shi kaɗai da tunaninsa. A samu wanda yake jin maganarsa ya riƙa zama da shi.

Maman Husna: Na gode ƙanwata, wallahi kin taɓo inda yake damu na. Na sa mijina ya riƙa jan sa masallaci da kasuwa.

Malamin Turanci: 'Yar Jos ta kawo kalma ta uku, repent, gara a ajiye ta a wurinta. Remorse ji ne a zuciya. Repentance ita ce tuba, juyowa da barin abin. Akwai kuma contrite, daga Latin conterere, niƙewa, wato zuciyar da laifi ya niƙe. Ita ce a Zabura 51 a tsohuwar fassarar Turanci, kuma 'yan jarida suna amfani da ita ga wanda ya fito gaban jama'a a karye yana amsa laifinsa.

Tsohon Tafinta: Bari in ba ku labarin ranar da kalmar regret ta hana mu shan shayi a ɗakin labarai. Ranar 6 ga Yuni 2013 ce. Sakataren harkokin wajen Birtaniya na lokacin, William Hague, ya tashi a majalisa kan azabtar da 'yan Kenya da aka yi zamanin tawayen Mau Mau. Ya sanar da biyan fam miliyan 19.9, har da kuɗin lauyoyi, a kan mutum 5,228. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce gwamnati "sincerely regrets". A cikin jawabin nan dai ya ce gwamnati ba ta amince da alhakin shari'a ba.

Wani matashi a cikinmu ya rubuta "Birtaniya ta nemi afuwa". Na ce a'a, ba ta nema ba. Ya gyara zuwa "ta yi nadama". Muka tsaya a kan wannan kusan minti goma, ga lokacin labarai yana matsowa. Ni abin da na ji tsoro shi ne tsohon da ke sauraro a ƙauye, in ya ji nadama zai ɗauka irin ta tuba ce, alhali masu jawabin sun zauna da lauyoyi sun zaɓi kalmar da ba za ta kai can ba. A ƙarshe muka ce "ta nuna takaicinta", muka ƙara jimla guda cewa ba ta ɗauki alhaki ba. Har yau ina ganin mun yi daidai.

Bayan shekara 10, a Oktoban 2023, Sarki Charles ya je Nairobi ya ce "greatest sorrow" da "deepest regret". Nan ma 'yan Kenya da yawa sun lura bai nemi afuwa ba. Ku kwatanta da Firaministan Japan, Tomiichi Murayama, ranar 15 ga Agusta 1995, cika shekara 50 da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. A fassarar Turanci ta jawabinsa akwai "deep remorse" da "heartfelt apology", ya kuma faɗi ƙarara cewa ƙasarsa ta yi mulkin mallaka da mamaya ta jawo wa mutanen Asiya wahala. Shi ya sa har yau duk firaministan da ya yi jawabin wannan rana, ana ƙirga ko ya maimaita kalmomin ko ya tsallake su.

Ɗan Damagaram: Haka Sarkin Beljiyam, Philippe, ya yi ranar 30 ga Yuni 2020 a wasiƙarsa ga shugaban Kongo, Félix Tshisekedi, lokacin cika shekara 60 da 'yancin kai. Regrets ya ce, bai ce excuses ba, ita ce kalmar neman afuwa a Faransanci. Mu da muka ji shi da harshen da ya yi shi, nan take muka gane.

Wani abu kuma ga 'yan uwana masu Faransanci da ke koyon Turanci: mu muna cewa "des remords" da jam'i. A Turanci na taɓa rubuta "remorses", malamina ya ja masa jan biro.

Malamin Turanci: Ya kyauta da ya ja. Ba a ƙirga ta, ba a sa mata "a" a gaba, kuma ba aikatau ba ce. Ba a cewa "I remorse". Sai dai "feel remorse", "show remorse", "filled with remorse", sannan "for" ya biyo baya. Sifarta remorseful. Kishiyarta remorseless, ita kuma tana da ma'ana ta biyu, abin da ba ya sassautawa, kamar zafin rana a watan Afrilu. Akwai "buyer's remorse" da ake faɗa ga wanda ya sayi abu mai tsada ya dawo gida hankalinsa ya ƙi kwanciya, wannan kam da-na-sani ce zalla, an ari kalma mai nauyi an ɗora wa ƙaramin abu.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri, ni har yanzu akwai abin da bai kwanta min ba, kuma da gaske nake. Abin da muke yi a nan, ba koya wa yaro kalmar da za ta fid da shi muke yi ba? Gobe ya rubuta "I am filled with remorse", kwamiti ya ji daɗi, a mayar da shi aji. Wanda ya iya Turanci ya tsira, wanda bai iya ba ya sha hukunci. In haka ne ai tuban muzuru muke koyarwa. Kuma su 'yan kwamitin, wa ya buɗe musu ƙirjinsa har suka ga babu komai a ciki?

Barista: Baban Khalifa, tambayarka ta ƙarshe ita ce wadda masana shari'a suka daɗe suna kokawa da ita. A kotunanmu, bayan an samu mutum da laifi kafin a yanke hukunci, alƙali yana ba shi dama ya yi magana ya nemi sassauci. Allocutus muke ce wa wannan mataki. A nan za ka ji lauya yana cewa wanda yake karewa "is remorseful", kuma kusan kowane lauya haka yake cewa, har kalmar ta fara sanyi a kunnen alƙalai.

A Ingila, ƙa'idojin yanke hukunci sun lissafa remorse cikin abubuwan da ke rage nauyin hukunci. Amma sun gargaɗi alƙali cewa faɗa da baki kawai ba lallai ya isa ba, kuma yanayin mutum a gaban kotu yana iya ruɗarwa, saboda tsoro ko ƙuruciya ko rashin sanin yadda tsarin yake. Sun kuma ce rashin ganin ta ba dalili ba ne na ƙara hukunci. A Afirka ta Kudu ma, hukumar gaskiya da sulhu da Desmond Tutu ya jagoranta ba ta sa nadama cikin sharuɗɗan afuwa ba. Abin da doka ta nema shi ne mutum ya faɗi duk gaskiyar abin da ya yi, kuma ya kasance yana da nasaba da siyasa.

Hajiya Maman Husna, tambaya: a gaban kwamitin yaya ya yi?

Maman Husna: Barista, ya ce min kansa a ƙasa yake tun shigarsa har fitarsa. Duk abin da suka tambaye shi "yes sir" da "no sir" kawai. Da shugaban ya ce yana da abin faɗa, wai sai ya ji maƙogwaronsa ya toshe, ya girgiza kai. Mu haka aka tarbiyyantar da mu, babba yana maka faɗa ba ka ɗaga ido, ba ka mayar da magana.

Barista: To kin gani. A gidanku wannan ladabi ne da kunya. A teburin da ake jira a ji ya ce "ni na yi", sunkuyar da kai da girgiza shi ana iya karanta su a matsayin taurin kai. Ga takarda da ba ta ambaci yaron ba, ga shiru. Da abin da ke gabansu suka yi hukunci.

Shawarata ta aiki: tunda akwai karaya, kafin ya sa hannu a takardar da ya amsa laifi ƙarara, manyanku su zauna da iyayen yaron a fahimci juna, don abin da aka rubuta yana iya fita daga makaranta. Ba ina cewa ya ɓoye gaskiya ba ne. A bi abin daki-daki.

Almajirin Malam: Barista ta kawo mu inda nake so in tambaya tun ɗazu. Yaya Maman Husna, ya je ya duba yaron?

Maman Husna: Bai je ba, Ustaz. Babanmu ya aika da kuɗin magani ta hannun wani malaminsu. Shi ya ce kunya ba za ta bar shi ya haɗa ido da shi ba.

Almajirin Malam: To a nan gyaran yake, kafin takarda. Imam Nawawi a Riyadus Salihin, babin tuba, ya kawo sharuɗɗa uku: barin laifin, nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba. Ya ce in laifin ya shafi haƙƙin ɗan Adam akwai na huɗu, a fita daga haƙƙin mai shi. Kuɗin Baba na Baba ne. Yaron nan hannun ƙaninki ne ya ture shi, bakin ƙaninki ya kamata ya ji. Kuma Baban Khalifa, ina ga wannan ya amsa damuwarka. In ya je, abin da zai rubuta labarin abin da ya yi ne, ba kalmar aro ba.

Baban Khalifa: In ya je, na janye rabin maganata. Rabin da ya rage yana kan makarantun da ke auna zuciyar yaro da Turancinsa. Wannan ban janye ba.

Malamin Turanci: Kada ka janye, ni ma ina tare da kai a kansa, kuma ni malamin Turancin ne. Game da takardar, Maman Husna, shawarata za ta ba ki mamaki: kada ya sa kalmar remorse ko sau ɗaya. Ga masu harshen, kalma ce da wasu suke faɗa a kanka bayan sun ga alama. Mai ji da gaske ƙananan kalmomi yake amfani da su. Ya ce ya ture shi. Ya ambaci hannun. Ya ce "I am sorry", ya faɗi abin da ya yi don gyara. Ya guji "if", domin "I am sorry if he was hurt" tana nufin wataƙila ma bai ji ciwo ba. Ya guji "but", kada ya dawo da maganar bokiti, kwamiti ya riga ya san da ita. Kuma ya sani mu a nan muna amfani da sorry a madadin sannu, mu ce wa wanda ya yi tuntuɓe sorry, don haka kada ya bar ta tsirara, ya faɗi abin da yake ba da haƙuri a kai. Shi zai rubuta da hannunsa, ba ke ba, ba ni ba.

Maman Husna: Assalamu alaikum, na dawo. Ku gafarce ni da shirun kwana uku. Ranar Juma'a bayan la'asar muka je, ni da Babanmu da shi. Yaron yana gidan kawunsa a cikin gari. Mun same shi a tsakar gida a kan tabarma, hannun a naɗe an rataye masa a wuya, ga littafi buɗe a cinyarsa yana ƙoƙarin rubutu da hagu. Layukan duk sun karkace, kamar na ɗan aji ɗaya. Ashe gwaji gare su mako mai zuwa. Ƙanena ya tsaya yana kallon littafin nan, sai kawai ya durƙusa ya fashe da kuka, irin kukan da rabon da in ji ya yi tun rasuwar mahaifiyarmu. Ya ce masa "ni na jawo maka wannan, ka yafe min." Yaron ya yi shiru, can ya ce shi ma bai kyauta ba da ya taɓa masa bokiti, ya yafe. Kawun ya yi musu nasiha, shi da Babanmu suka keɓe suka yi tasu maganar, ya ce ba su da niyyar kai abin ko'ina.

Da daddare ya ci abinci. Sannan ya zauna ya rubuta wannan, ban sa masa baki ba:

"I pushed him and he fell and broke his right hand. He cannot write and his test is next week. I did this. I am sorry for pushed him. I have gone to beg him and I will take him to the hospital every week until the hand is healed."

Malam, a duba mana.

Malamin Turanci: Wuri ɗaya kawai: "sorry for pushing him", domin bayan "for" aikatau yana ɗaukar "ing". "Gone to beg him" Turancinmu ne na nan, masu harshen za su ce "asked him to forgive me", amma kwamitin 'yan ƙasa ne, za su gane, ni da zan bar masa ita yadda ya faɗe ta. In yana so, ya ƙara layi ɗaya yana roƙon makaranta ta ba yaron damar yin gwajin daga baya ko a samo masa mai rubuta masa. Sauran kada a taɓa.

Maman Husna: Ya gyara, ya ƙara layin gwajin. Litinin da safe zai kai takardar ofishin magatakarda. Laraba kuma zai ari babur ɗin mijina ya kai yaron asibiti a sake ɗaukar hoton ƙashin. Duk abin da kwamitin ya ce zan sanar da ku in sha Allah.